Ƙafar Keke Mai Ƙishirwa

An yi wani mutum a garin nan namu na Kelderby, zamanin da kakanninmu ke da ƙarfinsu, masassaƙin ƙafafun keken doki. Ba zan kama sunansa ba. Danginsa suna nan cikinmu, kuma ba su suka yi laifin ba. Amma inda rumfarsa take kun san shi: ƙasan kasuwa, tsakanin maƙera da gidan majema, wurin da yanzu ake tsare tumaki ranar Alhamis.

Sana'ar gado ce. Ubansa ya mutu ya bar masa abu biyu, suna mai kyau da rumbu cike da busasshen itace.

Ku matasa, ku saurara, don da yawanku kuna hawa keke ba ku san abin da ke ɗauke da ku ba. Itacen ƙafar keke sai a tsakiyar sanyi ake sare shi, lokacin da ruwan jikinsa ya sauka. A jera shi a inuwa, a rubuta shekarar da alli a gindinsa, a ƙyale shi. Kowane inci na kauri, shekara guda. Gungumen da ake fafe cibiya da shi, wato tsakiyar ƙafa inda sanduna ke shiga, yakan shekara takwas ko goma ba a taɓa shi ba. Shi ya sa a wannan sana'a abin da uba ya sare ɗa ke sassaƙawa, abin da ɗa ya sare kuma na jika ne.

Ciyawa ba ta gama rufe kabarin tsohon ba sai ga magina, waɗanda ke gina masaƙa a ƙasan kwari, suna neman busasshen katako ido rufe. Mutumin nan ya buɗe musu rumbu. Haƙurin ubansa na shekara ashirin ya fita daga garin nan a yini biyu.

Me ya yi da abin da ya samu? Ya sayi doguwar hula. Ya sayi agogon aljihu mai sarƙa. Ya kama kujera a sahun gaba na coci, kusa da ta likita, don a gan shi ranar Lahadi.

To, da me zai yi aiki? Da ɗanye. Itacen da tsuntsu ya yi sheƙa a kansa bara, shi ne cibiyar ƙafa bana. In ya tsage, sai ya kwaɓa garin katako da danƙo ya cushe tsagar, ya goge, ya shafa jan fenti har shafi uku. Wanda ya ga ƙafar sai ya ce ta fi ta tsohon kyau.

Ɗanyen itace kuwa ba ya ƙarya, ko da mai shi ya yi. Yana bushewa yana motsewa. Sanduna su saki a raminsu, zoben ƙarfen da ya ɗaure ƙafar ya fara wasa, ka ji tana ƙas-ƙas a kan dutse. Masu keke suna cewa ƙafa tana magana.

Ga inda Shaiɗan ya ba shi mafaka. Kun san kududdufin bakin kasuwa, inda dawaki ke shan ruwa. Tun kaka da kakanni, in zafi ya yi yawa, masu keke kan bi ta cikinsa don tsohuwar ƙafa ta sha ruwa ta kumbura ta matse. Al'ada ce mai kyau, ta ƙafar da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki. Shi kuwa ya mai da ita mayafin ha'incinsa.

Manomi zai zo ranar kasuwa, ya cire hula, ya ce, "Maigida, ƙafar nan watanta huɗu kacal, ga ta tana magana."

Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Ƙishirwa take ji. Kai ba ka jin ƙishirwa? Ai na hango ka ɗazu a gidan giya, ban ga ka ce wa kofi a'a ba. Bi da ita ta kududdufi, ka bar ta ta sha."

Manomi ya yi dariya shi ma, ya bi ta kududdufi, ƙafa ta yi shiru. Kwana goma ta sake magana, ya sake shayar da ita. Bai san kowane sha yana ƙara ruɓar da ita ba. Mu kuma ƙasarmu ruwan sama ba ya yanke mata, saboda haka sama ma kamar tana taya shi rufa asiri. Kalmar ta shiga bakin gari. Yara suna wasa da ita, mata masu man shanu suna tsokanar mazansu da ita. Ƙishirwa ce. Ƙishirwa ce kawai.

Mutum ɗaya ya gane tun farko. Barnabas maƙeri, abokin marigayin, shi ke ɗaura zoben ƙarfe. Ana gasa zoben ya yi ja, a ɗora shi a kan ƙafa, a kwara ruwa ya matse. Ranar da ya ɗora shi a kan sabuwar ƙafar magajin, sai ya ja hanci.

"Ɗan abokina, wannan itace ne ko ganyen miya? Ji yadda yake tafasa."

"Baba Barnabas, kai da ƙarfe aka san ka. Bar wa masu itace itacensu."

"Shekara talatin ina shaƙar hayaƙin ubanka, ban taɓa jin wannan warin ba." Ya ajiye guduma. "Ba zan ƙara ɗaura zobena a kan ɗanye ba. Nemi wani."

Bai nemi wani ba. Ya sayi zugazugi, ya riƙa ɗaurawa da kansa a bayan gida, ƙofa a rufe. Barnabas kuwa ya kama bakinsa, wai albarkacin marigayi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekara goma sha huɗu ana haka. Ƙafar da ya kamata ta yi shekara talatin sai ta ruɓe a biyar, a ce hanya ce ta lalace. Keken wani mai tukwane ya kife a mararraba, dokinsa ya karye aka harbe shi, aka ce mai tukwanen ya sha giya ne. Mutumin nan yana zaune a sahun gaba, yana rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

Yana da 'ya guda, Keziah. Uwarta ta rasu tana goye, ta tashi a rumfar kakanta tana wasa da ɓawon katako, har ya mutu tana shekara takwas. Tsohon ya koya mata ta ƙwanƙwasa ƙafa ta saurara. A wurinta babu masassaƙi a duk lardin kamar ubanta. Shi ma yana sonta, wannan ba zan hana shi ba. A bayan gida ya ajiye tsohon keken ubansa, mai ƙafafun da ba su taɓa magana ba, kuma a kansa kaɗai take hawa. In za ta ƙauye wurin gwaggonta, sai ya tambaya keken wa za ta bi. In na aikinsa ne, ya ce ta bari gobe ya kai ta da kansa.

Kun ji, ya 'yan'uwa? Kada wani ya ce mini bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. 'Yarsa ce mutum, 'ya'yan sauran mutane buhunan dankali ne.

Keziah tana da shekara ashirin da biyu ta daidaita da Silas, ɗan wani manomi mai suna Dinsdale da ke ƙetaren rafi. Aka sa rana bayan yankan ciyawa. A farkon bazarar nan Dinsdale ya zo ya ba da aikin sabon keke babba. Kuna tsammanin surukuta ta sa mutumin nan ya ji kunya? Ya ce a ransa ai taki da ciyawa za a ɗauka. Ya zaɓi gungume ɗanye shar, wanda ya tsage tun yana fafe shi, ya cushe, ya shafa fenti. Har surukinsa bai bari ba.

Sai Allah ya rufe sama.

Tsofaffi suna kiranta shekarar fari har yau. Wata uku babu ɗigo. Ciyawa ta ƙone a tsaye, injin niƙa ya tsaya don rafi ya koma zare, majema suka rasa ruwan jiƙa fata har wari ya hana mutane cin abinci. Rijiyar kasuwa aka sa mata mai tsaro, gida ɗaya guga biyu. Kududdufin kuwa ya ja baya, ya zama taɓo, taɓon ya tsattsage. Ranar Alhamis in kekuna suka shigo gari, sai ka ji kasuwa gaba ɗaya tana ƙas-ƙas kamar haƙoran mai zazzaɓi. Mutane suka fara duban juna. Shi kuwa bakinsa bai canza ba: ƙishirwa ce, ku jira ruwa.

Kun san al'adarmu ta keken amarya. A loda gado da katifa, da akwatin tufafi, da tukwane, da agogon bango, amarya ta hau can bisa kaya, a ɗaura wa dawaki ƙyallaye, mai goge yana gaba, a ratsa gari har gidan miji. Mutumin nan ya wanke tsohon keken ubansa, ya shafa masa mai, hankalinsa kwance.

Ana gobe biki, da la'asar, sai ga Dinsdale da dawaki biyu, suna janye da sabon keken, jan fentinsa yana ɗaukar ido. Maƙwabta suka fito kallo.

"Suruki, fito ka ga aikin hannunka. Tun ranar da na ɗauke shi na kulle shi a rumbu. Ko tsinke bai ɗauka ba, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Na ce 'yarka ce za ta fara hawansa."

Mutumin ya dubi ƙafafun keken. Wata huɗu a rumbu, a wannan zafi.

"Ai da ba ka wahalar da kanka ba, suruki. Na riga na gyara na marigayi."

"Waccan akwalar da kaji ke kwana a ciki? Haba. 'Yar mai sassaƙa ƙafafun gari guda ta tafi gidan miji a kan aikin wani? Sai mutane su ce mai tuya ba ya cin abin da ya toya."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya. Aka fara loda kaya.

Ku tsaya nan, ya 'yan'uwa. Me ake nema a wurinsa? Ba a ce ya ba da ransa ba. Ba a ce ya sayar da gidansa ba. Magana guda: "Suruki, ƙafar nan ba ta da kyau, ni na yi ta, na sani." Da ya sha kunya, i. Da kujerar sahun gaba ta tafi, da an nuna shi da baki a kasuwa. Amma da 'yarsa ta sauka a ƙofar mijinta da ƙafafunta. Ya ɗora 'yarsa a hannu ɗaya, doguwar hularsa a ɗaya, ya auna. Yana da yamma guda da safiya guda cur yana aunawa.

Da gari ya waye ya ɗauki gugan gidansa biyu, ya roƙi na maƙwabciya biyu wai na wankan biki. Ya durƙusa a gindin keken yana kwara wa cibiyar ƙafar baya, wadda ya san tsagarta. Ruwan ya bi ta kan fenti ya zube ƙasa. Shafi uku ya yi don kada ido ya shiga, yau ga shi ruwa ma ya kasa shiga. Ya kwara na biyu, na uku, na huɗu. Ƙasa ta shanye. Bai ɗaga kai ba, saboda haka bai ga 'yarsa a taga tana tsefe gashi tana kallonsa ba.

Aka ɗaura aure a coci. Aka ci naman alade da burodi da cuku a tsakar gida. Da rana ta karkata Silas ya ɗaga amaryarsa ya ɗora ta bisa katifa, ya kama linzami yana tafe a ƙasa. Mai goge ya fara. Suka ratsa kasuwa, suka wuce busasshen kududdufi, har suka iso kan gangaren da ke sauka zuwa gada. Nan kowane keke ke tsayawa a ɗaure ƙafar baya ɗaya da sarƙa, ta riƙa jan ƙasa, don kada kaya su tura dawaki. Ƙafar da aka ɗaure ita ke shan duk nauyin. Silas ya ɗaure ta hagu, wadda aka shayar da safe.

Goge ya yi shiru ana ɗaurawa. Keziah ta sunkuyo daga bisa kaya.

"Baba, ƙafar bayan nan tana magana. Tun kasuwa nake jinta."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma na kusa sun ji. Limamin coci yana tsaye. Likita yana tsaye. Dinsdale ya juyo da murmushi. Barnabas yana can gefe, ya dogara da sanda, idonsa a ƙasa.

Allah mai haƙuri ne. Ya sake buɗe wa mutumin nan ƙofa, ta bakin 'yarsa, a kan gangaren, kafin taku ɗaya. Ya dube ta, ya dubi mutane.

Ya ce, "Ƙishirwa ce kawai, 'yata. Zauna da kyau."

Mutane suka yi dariya, don maganar gari ce. Keziah ta dube shi jim kaɗan. Sannan ta gyara zama, don ubanta ne ya faɗa.

Ba su kai rabin gangaren ba. Mahaifiyata tana cikin 'yan matan da ke bin keken, ta ce ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Cibiyar ta rabe biyu, sanduna suka watse, keken ya durƙusa ta hagu ya juye. Katifar ta faɗi gefe. Amarya ta faɗi kan duwatsu, akwatin tufafin uwarta, mai ɗaurin ƙarfe, ya sauko mata a ƙugu.

Maza huɗu suka ɗaga akwatin. Barnabas kuwa ya tsinci rabin cibiyar da ta gangara gindinsa. A waje ja ce sumul. A ciki tsaga ce da hannu ke shiga, cike da garin katako. Ya murza garin a yatsu, ya miƙa wa Dinsdale cibiyar. Dinsdale ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ta bi hannu hannu har ta zagaye taron. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aka ɗauke ta a kan ƙyaure zuwa gidan mai niƙa a bakin gada. Likita ya duba, ya tsunkuli yatsun ƙafarta, ba ta ji ba. Can ta buɗe ido, leɓenta a bushe, ta ce, "Ƙishirwa nake ji."

Uban ya ture mutane, ya ɗebo ruwa a kofi, ya durƙusa ya kai bakinta. Ta kau da kai.

"Ba daga hannunka ba, Baba. Na gan ka da safe da guga. Ka shayar da ƙafa, ka bar ni na hau."

Matar mai niƙa ce ta karɓi kofin ta ba ta.

Kwana uku bayan haka ruwan sama ya sauko, kududdufi ya cika har ya malala kasuwa. Ya zo a makare. Alhamis ɗin da ta biyo baya babu wanda ya yi shela, amma duk mai ƙafar aikin mutumin nan ya kwance ta, ya gangaro da ita ƙofar rumfarsa. Aka tara su har suka rufe taga. Barnabas ya zo da guduma yana fasa cibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana hawaye. Babu wanda ya taɓa lafiyar masassaƙin. Babu kuma wanda ya ƙara ba shi ko ƙotar fartanya ya gyara. Hula ta tafi, agogo ya tafi, rumfa ta tafi. Ƙarshensa ya koma ɗebo wa dabbobin kasuwa ruwa a kan ɓarin burodi.

Keziah ta rayu shekara talatin da ɗaya a kan kujera a bakin taga. Silas bai guje ta ba, shi ke ɗaukarta ya kwantar, ya tayar. Duk Lahadi uban kan taka zuwa gonar. Ba ta hana shi shiga ba. Tana gaishe shi, tana ce masa Baba, tana sa a zuba masa abinci. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa, ko ruwa ko madara ba ta ƙara karɓa daga hannunsa ba. In ya miƙo, sai ta kira wani.

Ya 'yan'uwa, ba ranar biki mutumin nan ya karya 'yarsa ba. Ya karya ta ranar farko da ya ce wa manomi ƙishirwa ce, manomi ya yi dariya, shi kuma ya ji daɗin yadda ta wuce. Shekara goma sha huɗu harshensa yana maimaita kalma ɗaya, har ranar da yake bukatar wata ya nema ya rasa. Mai gina ramin mugunta an ce ya gina shi gajere. Wannan bai faɗa nasa ramin ba ma, 'yarsa ya tura.

Barnabas fa? Ya wanke hannunsa, ya ce shi dai ba ya ciki. Ya rufa wa ɗan abokinsa asiri, ya bar jikar abokinsa ta hau. Shirun da ake kira kara, wani lokaci sunansa na gaskiya tsoro.

Ni uba ne. Ɗana na fari yana koyon dukanci, na biyu yana wurin mai gasa burodi. Duk yammar da suka dawo ina duban hannayensu, ina tunanin me ake koya musu a bayan rufaffiyar ƙofa. Shi ya sa nake tambayarku, kuma ba da wasa ba. Kai mai burodi, me ke cikin garinka da ya sa ya fi na kowa fari? Kai baduku, me ka cusa a tsakanin tafin takalmi? Kai mahauci, naman da ka juya ɓangarensa mai kyau sama, za ka kai shi gidanka? In akwai abin da kake sayar wa 'ya'yan mutane amma kake hana naka, ka riga ka yanke wa kanka hukunci. Kowa ya san kududdufin da yake jiƙa aikinsa. Mai saukar da ruwa kuwa shi ne mai tsayar da shi, kuma ba ya shawara da kowa kan shekarar.

In aikinka yana magana, saurare shi yau, tun wanda ke kansa baƙo ne da za ka iya bi ka roƙa gafara.

Allah ya kiyaye mu da ha'incin hannu da ƙaryar da ke zama a baki. Allah ya kiyaye 'ya'yanmu da hawa kan abin da muka ɓoye. Allah ya ba mu ikon shan kunya a gaban mutane tun ƙofa tana buɗe. Amin.